Daga Goyon Ciki zuwa Keke Napep: Fitar Mai Tsohon Ciki a Yelwan Mubi

Da la'asar sakaliya ranar Sallah, duk wanda ya tsaya a bakin titi a unguwar Yelwa ta Mubi ba zai daɗe ba zai ga irin wannan Keke Napep ɗin. Maigida ya raɓa a gefen direba, gwiwa ɗaya a waje. Uwargida na baya ta jingina, ciki ya tsufa har ya ɗage hijabi, ƙafafu sun tasa sun cika takalmi. Babbar 'yar, da lalle a hannu, ta rungume kular tuwon Sallah da za a kai gidan kaka. Ƙaninta na tsaye yana leƙen hanya. Ƙaramin kuwa, wanda bai daɗe da barin nono ba, ya kafe sai a cinya zai zauna, alhali cinyar ba ta da sauran wuri. In an zo kan rami sai direba ya rage wuta ya ce, "Sannu Hajiya, Allah ya raba lafiya." Ta amsa da amin, ta gyara zama.

Ba mai waiwayen su, don abin ya zama ruwan dare. Amma da za a tayar da kakar wannan mata a nuna mata Keken, abu uku za su sa ta riƙe baki: mace ta jera da mijinta a hanya da rana, ta fito da cikin da watansa ya kusa tsayawa, sannan ga yaro a cinya ga wani a ciki. Kowanne daga cikin ukun nan yana da tarihinsa, kuma a gari irin Mubi tarihin ya ratsa ta kan iyakar ƙasa, da hanyar mota, da makarantar boko, da asibiti, har da gudun hijira.

Sunan unguwar kansa ya fara ba da labari. Mubi ƙasar Fali da Gude ce, a gindin duwatsun Mandara, a bakin kogin Yedzaram, kuma Fulani suka kafa mulki a cikinta har ta shiga ƙarƙashin Fombina ta Modibbo Adama. Ta nan Bature Heinrich Barth ya bi a 1851 daga Kukawa zai tafi Yola. A gari mai unguwanni irin su Lokuwa da Kolere da Wuro Patuji, idan aka ji Yelwa ko Sabon Layi an ji bakin Bahaushe, an kuma ji fatan baƙon da ya sauke kaya yana roƙon Allah ya yalwata masa. Fatake da mahauta da dillalan shanu da malamai, daga ƙasar Hausa da Borno, irin waɗannan unguwanni suke sauka. Ga mace kuwa, zaman baƙunta na nufin abu guda: gidan iyayenta yana nesa. Kuma al'ada ta ce a can za ta yi haihuwar fari.

Goyon ciki ke nan. Idan cikin fari ya kai wata bakwai, dangin miji mata sukan shirya su raka amarya gidan iyayenta. Ba a tafiya hannu rabbana. Akan haɗa gero da kanwa da kayan yaji, miji kuma ya tanadi itacen wanka ko kuɗinsa. Ita mai cikin ba ta da ta cewa, ba ta ma yarda ta nuna ta san abin da ake ciki, don kunyar ɗan fari tun yana ciki take farawa. Za ta lulluɓe, ta sunkuyar da kai, a miƙa ta ga uwarta da 'yan kalmomi kaɗan: ga amana nan, Allah ya sauke ta lafiya. Daga ranar ta koma 'yar gida. Uwa ce za ta lura da abin da take ci, ta hana ta zaƙi don tsoron kada ya tare hanya ranar naƙuda, ta nemo mata rubutun sha wajen malam, ta sanar da ungozoma tun da wuri. A littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwa a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, an ga yadda wannan komawa gida da kunyar ɗan fari suka kafu a rayuwar matan Hausa tun kafin zuwan Turawa. Fulani ma ba a bar su a baya ba. Wajen Fulanin daji, wadda ta koma rugar mahaifinta da cikin fari kan yi shekara biyu ko fiye kafin ta dawo wa mijinta.

Zaɓen wata na bakwai ba a banza aka yi shi ba. Cikin ya fito, ba sauran ɓoyo, amma bai yi nauyin da zai hana tafiya ba. Tsofaffin da suka tsara haka ba su karanta likitanci ba, sai dai sun san jaki, sun san takarkari, sun san abin da tafiyar yini biyu a ƙasa ke yi wa mace. Abin da suke gudu shi ne naƙuda ta kama yarinya a hanya, ko a gidan da ba ta da wanda za ta yi wa kuka ba tare da kunya ba. Kusan duk dokokin da aka kewaye mai ciki da su, idan aka bi diddigi, amsar tambaya ɗaya suke nema: ina za ta kasance ranar da abin zai zo, kuma wa ke kusa da ita?

A Mubi, amsar wannan tambaya ta sha canza ƙasa. Jamusawa sun kama garin a 1903 suka haɗa shi da Kamaru. Ingilishi suka karɓe shi lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka raba Kamarun tsakaninsu da Faransa, Mubi ta faɗo ɓangaren Ingila, Garwa da Marwa suka faɗa na Faransa. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961, yankin ya shiga Nijeriya ranar 1 ga Yuni na shekarar, ya zama Lardin Sardauna, Mubi ce hedikwata. Duk wannan zanen taswira bai raba aure ba. Yarinyar da aka auro daga Gidar ko Garwa, in cikinta ya kai bakwai, ta hanyar Sahuda za a bi da ita a tsallaka, ta haihu a wata ƙasa, ta yi wanka a can, ta dawo da jaririn da kakanninsa na uwa ke ƙirga kuɗi da sefa, na uba kuma da fam, daga baya da naira. Wadda iyayenta ke Yola, tafiyar kusan kilomita 200 ce ta Hong da Gombi da Song. Ta Maiduguri kuwa sai ta Uba da Michika da Gwoza da Bama. Kafin kwalta da gadoji, damina kan yanke hanya, saboda haka lissafin watannin ciki da lissafin watannin ruwa tare ake yin su. In an ga wata na bakwai zai faɗo tsakiyar damina, gara a kai ta tun tana da shida.

To ina yara a duk wannan tafiya? Babu su. Mai cikin fari ba ta da ɗa tukuna. Mai ciki na biyu ko na uku kuma yawanci a ɗakinta take haihuwa, sai dai uwarta ko gwaggonta ta zo ta zauna da ita. Ƙaramin yaron ma da wuya a same shi a gindinta, domin al'ada ta riga ta yi masa wuri. Shayarwa kan kai shekara biyu ko kusa da haka, kamar yadda Alƙur'ani ya ambata a Suratul Baƙara, kuma mace kan yi nesa da shimfiɗar miji a mafi yawan wannan lokaci. Wadda ta yi ciki tana goyo, an ce ta yi kwanika, kuma abin gori ne a bakin kishiya da ƙawaye. In yaron ya rame ko ya kama zawo, sai a ce ya sha ciki. Nan take za a cire shi daga nono a kai shi yaye gidan kaka, wadda za ta tarbe shi da wasa tana cewa ga angona ya zo, ko kuwa ga kishiya ta iso in mace ce. Wani yaron daga yaye bai sake dawowa gidan ubansa da zama ba, can zai girma. Ta haka gida ya raba nauyi: ciki na wajen uwa, goyo na wajen kaka, don kada a yi haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance.

Manyan yaran kuwa suna fita, har ma sun fi kowa fita, amma a madadin uwa suke yi. Wata mai bincike, Enid Schildkrout, ta zauna a unguwannin Kurawa da Ƙofar Mazugal a Kano a shekarun 1970 tana lura da aikin yara, ta nuna cewa matar kulle da ƙafar 'ya'yanta take kasuwanci. Su ke talla, su ke cefane, su ke kai kwanon abinci gidan suna, su ke kai gaisuwa su dawo da labarin wanda ya yi aure da wadda ta yi yaji. Haka abin yake a unguwannin Hausawa ko'ina, har Mubi. Mai tsohon ciki tana zaune a tsakar gida a kan tabarma, amma ta san farashin gero a kasuwa, ta san wa aka sallamo, ta aika da barka gida uku kafin azahar. Ranar Sallah ma yaran kan yi ayari su kaɗai, babbar yaya a gaba da na goye a bayanta, su bi gidajen dangi suna karɓar goron Sallah, su je ƙofar fada kallon dawakai, su dawo da magariba da ƙura har gira.

In fita ta kama dole, kamar gaisuwar mutuwa ko dubiyar mara lafiya, sai bayan isha'i. A nemi izinin maigida, a yafa mayafi, a sa yaro a gaba da fitila. An tafi unguwa ke nan. Shi maigida ba ya cikin tafiyar. Namijin da aka gani yana jerawa da matarsa a titi, abokansa sun samu abin zolaya na wata guda.

Akwai kuma lokutan da ba a yarda mai ciki ta taka waje ba ko da rakiya. Tsakar rana na ciki, da almuru, lokacin da aka ce iskoki na yawo. Ba ta zuwa bakin rafi ita kaɗai, ba ta tsayawa gindin tsamiya ko kuka. Mai jego kuma takan riƙe 'yar wuƙa ko wani ƙarfe a kusa da ita da jaririn. Malamai sun daɗe suna faɗa da wasu daga cikin waɗannan camfe-camfe, amma ko wanda bai yarda da iska ba zai ga dabarar da ke ciki. Rana tsaka a Mubi a watan Maris ko Afrilu ba lokacin yawon mai ciki ba ne, almuru kuma lokacin sauro ne, zazzabin cizon sauro kuwa ya fi yi wa mai cikin fari illa.

Kada a ɗauka duk matan Mubi haka suka rayu. Kulle na matan gari ne, su ma na gidajen da ke da halin ajiye mace. A ƙauyukan kan dutse, wajen Vimtim da Muchalla da Gella, mace kan yi noma a gonakin da aka daddatse da duwatsu har ranar da naƙuda za ta kama ta, ta ɗebo ruwa, ta sauko kasuwa da kaya a ka da yaro a baya. Matan Fulani masu tallar nono ma haka. A kasuwa ɗaya ake haɗuwa, amma ɗaya da kanta ta zo, ɗaya 'yarta ta aiko. Su matan dutse ba su taɓa kiran wannan fita shan iska ba, aiki ne.

Fitar da za a iya kira ta iyali da gaske, ta mace da 'ya'yanta cikin ado, bayan haihuwa take zuwa. Kwana arba'in mai jego na ɗaki. Safe da yamma ana tafasa ruwa a babbar tukunya, a tsoma ganye a fyaɗa mata a jiki. A yau ganyen darbejiya aka fi sani, ko da yake ita kanta darbejiyar baƙuwa ce, zamanin Turawa aka kawo ta ƙasar Borno, kafin nan runhu da tsamiya ake nema. Ga kunun kanwa, ga ƙauri, ga gasasshen nama da yaji. Ranar bakwai a yi suna. Sai an cika arba'in za ta yi kitso da lalle, ta ɗaura sabuwar atamfa, ta goya jariri, ta tasa sauran yaran a gaba, a shiga yawon arba'in. Gida gida za ta bi, duk wanda ya zo barka ko ya aiko da sabulu da turmin zane sai an je an yi masa godiya an nuna masa ɗa. A nan ne yaro ke fara sanin wace ce gwaggo, wane ne kawu, wane gida ne ake shiga ba sallama. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma in aka duba da kyau, ƙafar mata ce.

Wankan jegon nan bai tsira daga idon likitoci ba. A Zariya, a shekarun 1970, Davidson da Parry sun bi mata 224 da zuciyarsu ta gaza a kusa da haihuwa, suka danganta yawan ciwon a yankin da zafin wanka, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da gishirin da ke cikin kanwa. Har yau ma'aikatan asibiti na roƙon a rage zafin ruwan a kuma sassauta kanwa, tsofaffi na jin su da kunne ɗaya.

Asibiti ne ya fara fito da mai tsohon ciki da rana. A wannan yanki 'yan mishan suka riga kowa. Cocin 'Yan'uwa ya sauka Garkida a 1923 ya buɗe wurin magani, daga baya ya kafa wani a Lassa, sannan asibitin gwamnati ya zo Mubi. Da farko sai haihuwa ta gagara ake zuwa, bayan ungozoma ta yi iya yinta, an sha rubutu an sha jiƙo, kwana biyu ana abu ɗaya. Binciken da Kelsey Harrison ya jagoranta a asibitin koyarwa na Zariya daga 1976 zuwa 1979, a kan haihuwa 22,774, ya fito da abin a fili: matan da ba su taɓa zuwa awo ba, sai da ta ɓaci aka kawo su, su ne suka fi mutuwa nesa ba kusa ba. Daga irin wannan shaida aka ɗauki wa'azin awo, a rediyo da bakin ma'aikatan lafiya, har ya shiga huɗubar wasu limamai.

Awo ya juya tsohon tsari. A da, gwargwadon tsufan ciki gwargwadon zaman gida. Yanzu kuwa gwargwadon tsufansa gwargwadon fita. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga yawan zuwa awo daga huɗu zuwa takwas, kuma biyar daga ciki a watannin ƙarshe suke: mako na 30, da 34, da 36, da 38, da 40. Wato lokacin da kaka za ta ce a zauna, lokacin ne malamar asibiti ke cewa a dawo bayan sati biyu. Duk wanda ya leƙa layin awo da safe zai ga ba masu ciki kaɗai ke wurin ba. Akwai 'yan shekara biyu da uku suna zagaye benci, ɗaya riƙe da gefen hijabin uwa, ɗaya na kukan a saya masa ƙosai, domin ba a samu wanda za a bar wa su ba.

Dalilin rashin mai riƙon shi ne canji na biyu. A watan Satumba na 1976 gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, kuma a hankali yaran da ke zama ƙafar uwa suka koma aji. Yayar da za ta goyi ƙani tana makaranta da safe, tana Islamiyya da yamma. Mubi kuma ta zama garin ma'aikata da ɗalibai. Kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, wadda aka kafa a Yola a 1979, ta dawo Mubi a 1982, jami'ar jihar Adamawa ta biyo baya a 2002. Malamai da ma'aikata da 'yan kasuwar da suka biyo su sun kama hayar ɗaki biyu da falo, ba kaka a ciki, ba kishiya, ba matar wa ko matar ƙani. Tazarar haihuwa ta shekara uku da kunyar kwanika ta tsare ita ma ta ragu a gidaje da yawa. Sai ga mace da ciki wata takwas, da ɗan shekara ɗaya da rabi, da ɗan shekara huɗu, ita kaɗai a gida daga safe zuwa yamma. In za ta fita, da su za ta fita.

Maigida ma ya sauya, ko da yake ba duka ba. Wa'azin da ke kwaɗaitar da kyautata wa iyali ya yi tasiri, finafinan Hausa da suka yaɗu daga shekarun 1990 sun saba wa ido ganin miji da mata tare a lambu, kuma waɗanda suka yi zaman Kano sun ga yadda ake cika gidan zu na Audu Bako da yara ranar Sallah. A Mubi abin bai buƙaci gidan zu ba. A je gidan hoto, a tsaya wajen mai tsire, a sayi lemo mai sanyi, a zaga gidan kakanni biyu. Maƙwabta Kirista na yin irin tasu ranar Kirsimeti, daga coci a wuce ƙauye da yara cikin sababbin kaya.

Sai abin hawa. Acaɓa ya yi zamaninsa, kuma duk wanda ya taɓa ganin mai tsohon ciki a bayan babur, yaro ɗaya a kan tanki ɗaya a matse tsakaninta da direba, ya san addu'a ce kawai ke kai su. Keke mai ƙafa uku ya fara suna ne a Legas lokacin mulkin Buba Marwa, ɗan asalin Michika da ke nan kusa, har ana ce masa Keke Marwa. Shirin yaƙi da talauci na NAPEP da aka kafa a 2001 ya yaɗa shi ya kuma ba shi sunan da ya bi shi. A Kano gwamnatin Shekarau ta fito da A Daidaita Sahu a 2005 musamman don mata. Da matsalar tsaro ta sa aka hana babura a Maiduguri a 2011, aka kuma taƙaita su a wasu garuruwan arewa maso gabas, sai Keke ya gaje titi. Ba don masu ciki aka yi dokar ba, amma sun fi kowa cin moriyarta: ga inuwa, ga wurin jingina, ga wurin yara uku da kular abinci.

Akwai fita ɗaya da mutanen Mubi ba sa son tunawa, kuma ba a iya tsallake ta. Ranar Laraba 29 ga Oktoba 2014 'yan Boko Haram suka shiga garin, suka sauya masa suna zuwa Madinatul Islam. Mutane suka fita da abin da ke jikinsu. Wasu suka hau duwatsu suka tsallaka Kamaru, wasu suka yanki daji ta wajen Maiha da Hong suna neman Yola. A cikinsu akwai masu ciki wata takwas da tara, da goyo a baya, da wani a hannu. An haihu a daji, an haihu a ƙauyukan hanya, an haihu a sansanonin Damare da Malkohi da harabar cocin Saint Theresa a Yola. Yara sun ɓace wa iyaye, wasu sai bayan makonni aka gan su. Duk abin da goyon ciki ya shekara ɗaruruwa yana gudu, wato naƙuda a hanya ba uwa ba ungozoma, ya faru a cikin 'yan kwanaki.

Kafin ƙarshen Nuwamba an ƙwato garin, da taimakon maharba da 'yan banga. Amma akwai abin da ya kamata a lura da shi a wannan gudu. Mafi yawan waɗanda suka isa Yola da Jimeta ba a sansani suka zauna ba, gidajen mutane suka sauka, gida ɗaya ya ɗauki mutum ashirin ko talatin. Ƙofofin da aka ƙwanƙwasa cikin dare, na gwaggo ne da aka je wa yawon arba'in, da 'yar ƙanwar kaka da aka kai wa gudummawar biki, da ƙawar uwa da aka taɓa yi wa rakiyar goyon ciki. Yawon da maza kan yi wa tsegumi, suna cewa mata ba su da aiki sai biki da suna, shi ya ajiye adireshin da aka gudu zuwa gare su.

Goyon ciki bai mutu ba, ya dai rage tsawo. Da yawa yanzu sai wata na tara ake kai su, wasu ma a asibitin Mubi suke haihuwa, daga can a wuce da su gida wanka. Wasu kuma uwar ce ke hawa mota ta zo. Katin awo ya shiga cikin kayan da ake haɗawa, tare da kanwa da yaji, kuma kafin a tashi sai an tambaya ko akwai asibiti kusa da gidan iyayen. Waya ta karɓi rabin aikin da ɗan aike ke yi. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin Keke ya tashi, gidajen da ake zagawa ranar Sallah suka ragu, aka koma zaɓen na dole.

Sallar ma da zafi take zuwa a 'yan shekarun nan. Ƙaramar Sallah ta 2024 ta faɗo 10 ga Afrilu, ta 2025 kuma 30 ga Maris, tsakiyar bazara. Shi ya sa iyalin cikin Keken ba su fito ba sai da rana ta yi sanyi, kusan daidai da lokacin da kakar uwargida za ta yarda, in aka cire almuru. A jakar uwargida akwai ruwan leda, da katin awo, da zani biyu da ba na ado ba, ko da za a wuce asibiti daga gidan kaka. A ƙofar gida tsohuwa za ta tarbe su da faɗa kafin gaisuwa: "Ke yanzu da wannan cikin kike yawo? Da kin aiko yaran ai ya isa." Sannan ta karɓe ƙaramin daga cinyarta, ta ce angon nan ya kwana nan, ba inda za shi sai an sauka lafiya. In abin ya zo a daren, sunan yanka ne kawai za a jira ranar bakwai, na wasa ya riga ya samu: Sallau in namiji ne, in mace ce Tasalla.